Ɗan tudu a kan ruwa: abin lura kafin a shiga jirgin da ba a sani ba

Mutumin Galma Kudawace ɗan tudu ne gaba da baya, haka ma ɗan'uwansa na Madawa, da na Buza, da na Keita. Ruwan da ya tashi ya sani shi ne na rijiyar garka, da na ƙoramar da ke cika da safe ta ƙafe da marece, sai ko tabki irin na Tabalak ga wanda ya taɓa bin hanyar Agadas. Kogin Isa yana can Yamai, tafiyar kilomita wajen 500, teku kuwa sai an ƙetare ƙasa guda ko biyu. Duk da haka, da wuya a samu masu ƙafar yawo kamar mutanen wannan yanki. Albasar fadamar Tarka da ta Magiya ta kai ƴan kasuwarmu Abijan, da Akara, da Kumasi, da Lome. Tarurruka da aikin gomnati sun kai ma'aikatanmu Dakar da Alƙahira. A irin waɗannan tafiye-tafiye ne, idan an gama abin da ya kai mutum kuma aljihu bai yi kuka ba, wani zai miƙo takarda mai hoton jirgin ruwa fari fat, ya ce a zo a huta kwana uku a ga duniya.

Tayin ba shi da laifi, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai wanda yake gane lafiyar mota tun daga jin kukan injinta a tashar Madawa, idan aka kai shi bakin ruwa ya koma baƙo: bai san abin da zai duba ba, bai san wanda zai tambaya ba. Motar da ta lalace a hanya, sauka ake yi a nemi inuwa a jira mai gyara. Jirgin da ya lalace a tsakiyar ruwa ba shi da gefen hanya. Wannan ne dalilin da ya sa muka tattaro wa mai karatu abubuwan da ya kamata ya lura da su kafin ya miƙa kuɗinsa da ransa ga kamfanin da bai taɓa hulɗa da shi ba.

Ina ake zuwa?

Tafiyar da ta fi sauƙi ga ɗan Nijar ita ce ta Dakar zuwa Ziganshor, a ƙasar Senegal. Jirgin Aline Sitoé Diatta, wanda kamfanin COSAMA ke tafiyar da shi tun 2008, yana ɗaukar mutum wajen 500. Yakan tashi daga Dakar da marece, ya kwana a teku, gari ya waye masa a bakin kogin Kazamans, inda ake ratsa dazuzzukan da suka tsiro cikin ruwa, a wuce tsibirin Karaban, a sauka Ziganshor da hantsi. Akwai mazaunin kujera, akwai ɗakuna masu gado 8, da masu 4, da masu 2. Kuɗin da ake kashewa a can sefa ce irin tamu, ba sai an yi canji ba.

A Senegal ɗin dai akwai wani tsohon jirgi mai suna Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan a 1950 domin ɗaukar kaya da wasiƙu a kogin Senegal. Tun 2005 ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido tsakanin Sanluwi da Podor, tafiyar kusan mako guda. Ana wuce madatsar ruwa ta Diyama, da gandun tsuntsaye na Juj, da gonakin rake na Rishar-Tol, da garin Dagana. Ɗan kasuwa zai so ganin tsofaffin kantunan bakin kogi, inda a da ake cinikin ƙaro, irin wanda muke tsinka a jikin ɗakwara.

Ga wanda aiki ko jinya ko karatun ɗa ya kai shi Masar, akwai kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya, wadda ake yi cikin kwana 3 ko 4. Ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo domin ganin gine-ginen zamanin Fir'auna, kuma a Esna akwai wata ƙofar ruwa inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi kamar guga a rijiya. Jiragen da ke wannan hanya suna da yawa ƙwarai, a waje duk kamarsu ɗaya, a ciki kuwa wani otel ne, wani kuma sai hamdala.

Hanya ta huɗu ita ce wadda dattawanmu suka fi sani: kogin Isa a ƙasar Mali, daga Kulikoro zuwa Gawo, kilomita wajen 1,300, a jiragen kamfanin gomnati na COMANAV, irin su Kankou Moussa da Général Soumaré. Ana bi ta Segu, da Mopti, da tabkin Debo, da tashar Tumbutu. Amma a ran 7 ga Satumba 2023 ƴan bindiga sun kai wa jirgin Tombouctou hari a yankin Gurma-Rarus. Gomnatin Mali ta ce farar hula 49 da soja 15 suka rasu a harin jirgin da wani da aka kai barikin Bamba a ranar, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa. Wannan hanya ba ta ɗan yawon shaƙatawa ba ce har sai kwanciyar hankali ta dawo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wane ne mai jirgin?

Abu na farko shi ne rarrabe mai sayar da tike da mai jirgi. Sau da yawa wanda ke zaune a ofis mai sanyi dillali ne, bai taɓa taka jirgin ba. Ɗan kasuwar albasa ya san wannan sarai: dillali yakan yabi kaya, amma mai garka ne ya san ranar da aka cire ta. Saboda haka a nemi sunan jirgin kansa, da sunan kamfanin da ke tafiyar da shi, a rubuce a jikin resi. Idan an rubuta sunan jirgi sannan aka ƙara da cewa «ko makamancinsa», to a sani an buɗe ƙofar da za a sauya wa mutum jirgi ranar tafiya, ba shi da bakin magana.

Kowane babban jirgin fasinja da ke shiga teku yana da lamba mai alƙaluma 7 da hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta tsara. Jirgi yana iya sauya suna, da fenti, da mai shi, da tutar ƙasar da aka yi masa rajista, amma wannan lamba tana nan har ranar da za a yanka shi a sayar da ƙarfe. Da ita ake bin tarihinsa a intanet, a shafin Equasis, wanda ba a biyan ko dala. Ma'aikacin da ke da kwamfuta a ofis zai iya duba wa ɗan'uwansa ɗan kasuwa cikin minti goma.

Shekarun jirgi kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba. Bou el Mogdad ya haura shekara 70, amma ruwan kogi yake bi, mai kwanciya, da fasinja kaɗan, gaɓa tana kusa. Jirgin Joola kuwa, wanda za mu zo kansa, shekararsa 12 kacal ranar da ya kife. Abin tambaya shi ne yaushe aka fitar da jirgin daga ruwa aka duba shi, da kuma ko an taɓa ƙara masa gini. Al-Salam Boccaccio 98, wanda ya nutse a Bahar Maliya ran 3 ga Fabrairu 2006 tsakanin Duba ta Saudiya da Safaga ta Masar, an ƙera shi a Italiya a 1970, daga baya aka ɗora masa ƙarin benaye domin ya ɗauki mutane da yawa. Wuta ta tashi a cikinsa, ruwan kashe wutar ya taru ya karkatar da shi, mutum sama da 1,000 suka halaka, akasarinsu ƴan ci-rani masu komawa gida, har da alhazai. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota an yi mata lodi ya wuce kanta, ya san abin da nauyin sama ke yi a kwana.

Bayan wannan sai a tambayi mutane. Babu birnin bakin teku a Afirka ta Yamma da ba shi da zango, babu zangon da ba shi da sarki ko mai masauki. A nemi wanda ya shiga jirgin da ƙafarsa cikin wannan shekara. Labarin shekara biyar da suka wuce ya tsufa, domin kamfani yakan sauya hannu. Sharhin da ake rubutawa a intanet yana da amfani, amma a fi ba masu ƙorafi kunne, a duba ko ƙorafinsu iri ɗaya ne. Idan mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci injin da ke mutuwa ko ruwan sha mai wari, magana ta tabbata.

Darasin Joola

A daren 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola, mallakar gomnatin Senegal, ya taso daga Ziganshor zuwa Dakar. An ƙera shi domin mutum ƙasa da 600. A wannan dare ya ɗauki kusan 2,000: ɗalibai masu komawa makaranta, da mata ƴan kasuwa da kayansu, da yara da ba a yankar wa tike. Bai daɗe da dawowa aiki ba bayan doguwar jinyar inji. Hadari ya taso a gaɓar Gambiya, jirgin ya kife cikin ƴan mintoci. Masunta ne suka fara kai ɗauki da kwale-kwalensu, ceton hukuma bai iso ba sai da gari ya waye. Ƙidayar gomnati ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira. Adadin ya fi na Titanic da ya nutse a 1912.

Darasin a fili yake. Mu mutanen tudu mun saba da «a matsa a ƙara mutum ɗaya», har muna ganin rowa ce direba ya bar fasinja a tasha. A kan ruwa wannan kara ita ce ajali. Kamfanin kirki yana rubuta sunan kowane fasinja, yana neman katin ɗan ƙasa ko fasfo kafin ya yanka tike, yana rufe ƙofa idan adadi ya cika, ko da wanda ya makara babban mutum ne. Tun bayan Joola haka ake yi a hanyar Ziganshor. Idan ka ga ana karɓar kuɗi a bakin tsani babu takarda, ko mutane sun cika matakala da saman rufi, ɗauki jakarka ka sauka. Kuɗin tike asara ce da ake mayarwa.

Minti goma na farko

Da ka shiga ɗakinka, kafin ka buɗe jaka, nemi rigar ceto. Ka ɗauko ta, ka saka, ka ɗaure igiyoyinta, ka tabbata ba ta ruɓe ba. Idan kana tare da iyali, ka ƙirga rigunan, ka nemi ta yara daban, domin ta babba sulluɓewa take yi daga jikin yaro. A bayan ƙofa akwai zanen da ke nuna hanyar fita da wurin taruwa. Ka bi hanyar da ƙafarka sau ɗaya, kana ƙirga ƙofofi, saboda ranar da za a buƙace ta mai yiwuwa babu wuta. Alamar tashin hankali a jirgin teku ita ce busa gajeru 7 da doguwa 1.

Akwai yarjejeniyar duniya mai suna SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan Titanic. Jirgin shaƙatawa na Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya ran 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu yadda za su yi ba. Daga nan aka gyara doka: tun 2015 wajibi ne a tara sababbin fasinja a yi musu bayani kafin a tashi ko da zarar an tashi. Amma a lura, wannan yarjejeniya ta shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Jirgin kogi dokar ƙasarsa yake bi, kuma doka wani wuri tana da haƙora, wani wuri dasashi gare ta. Inda ba a yi bayani ba, kai ka tambaya. Yadda ma'aikaci ya amsa maka zai nuna maka irin gidan da ka shiga.

Maganar kuɗi

Araha ba ta ado. Farashin da ake bugawa da manyan baƙaƙe galibi na mutum ɗaya ne idan su biyu za su kwana a ɗaki. Wanda ya zo shi kaɗai ana ƙara masa kuɗi, wani lokaci har rabin farashin ko fiye. A tambaya dalla-dalla: abinci sau nawa ne, ruwan kwalba yana ciki, kuɗin shiga wuraren tarihi da na mai yi wa baƙi jagora wa zai biya, motar da za ta kai mutum tasha fa? A kogin Nilu akwai al'adar bakshish, wato ihsanin da ake tara wa ma'aikata a ranar ƙarshe, kuma ana sa ran kowa ya bayar. Gara a san adadinsa tun farko da a ji kunya a gaban jama'a.

Kada a biya kuɗi duka tun da nisa. A ba da kafin alƙalami, ta banki, da sunan kamfani, a karɓi resi mai hatimi. Wanda ya ce a tura masa kuɗi ta salula da sunan wani mutum, a yi masa sallama. A nemi a gani a rubuce abin da za a mayar idan kamfani ya soke tafiya, da abin da za a yanke idan fasinja ne ya fasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: jirgin Ziganshor kansa an dakatar da shi daga Yuni 2023 zuwa Afrilu 2024 saboda rikicin siyasa. Ma'aikacin da aka ba shi konje na kwana ƙidayayyu ya bar rarar kwana biyu tsakanin saukar jirgin ruwa da tashin jirgin sama. Kuma ga kamfanin da ba a sani ba, a fara da gajeruwar tafiya. Kwana ɗaya ya isa a gane halin gida, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lokaci da lafiya

Kowane ruwa da lokacinsa. A kogin Isa manyan jirage sai ruwa ya cika suke tafiya, daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. A kogin Senegal da na Nilu an fi jin daɗin tafiya daga Oktoba zuwa Afrilu, domin zafin Aswan a bazara ya kai na Tawa. Tekun Senegal kuwa yakan yi fushi da damina, lokacin hadari da iska.

Jiri da tashin zuciya a teku ake samunsu, kogi ba ya jijjiga mutum. Wanda bai saba ba ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi. Ya ci abinci kaɗan marar maiƙo, ya fita ya sha iska yana duban nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Tauna citta tana taimaka wa wasu, akwai kuma ƙwayoyin da ake saye a farmasi, amma suna sa barci. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga likita tukuna, ya riƙe maganinsa a jakar hannu, da rarar kwana biyar, domin ƙaramin jirgi ba lalle ne ya kasance da likita ba.

Kada zafi ya ja mutum ya faɗa kogi wanka. Bayan an gama madatsar Diyama a 1986, cutar tsargiya ta ɓarke a Rishar-Tol har ta zama abin nazari ga likitocin duniya. Ruwan sha kuwa na kwalba, wadda aka buɗe a gabanka. Bakin kogi gidan sauro ne, a tafi da maganin shafawa.

Jiragen shaƙatawa da yawa domin Turawa aka shirya su, saboda haka a tambayi irin naman da ake dafawa, a kuma san cewa akwai wurin shan giya da kiɗa da dare. Mai son natsuwa ya nemi ɗaki nesa da nan, nesa kuma da inji. Alƙibla tana juyawa yadda jirgi ke juyawa, ma'aikata sukan nuna ta idan an tambaye su. Hukuncin sallar matafiyi kuwa a ji shi daga bakin malami tun a gida.

Takardu

Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma tana nan cikin UEMOA tare da Senegal. Saboda sauye-sauyen da ake ciki, a tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da za a je kafin a yanki tike, a tafi da fasfo mai sauran kwana. Masar sai da biza. Katin allurar shawara, mai launin ɗorawa, kada ya bar aljihu. A ɗauki hoton takardu a bar wa na gida, tare da sunan jirgi, da ranar tashi, da ranar sauka.

Kwale-kwalen kusa da gida

Mafi yawan masu karatu ba za su je Aswan ba, amma da yawa za su shiga kwale-kwale, ko domin yawon marece a Yamai, ko domin ƙetare kogi a Gaya, inda rufe gadar Malanbil a 2023 ya mayar da dubban matafiya kan ruwa. A nan ne haɗarin ya fi kusa. A watan Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage a yankin Wara ta jahar Kebbi, kaɗan suka tsira. A watan Yuni 2023 ƴan ɗaurin aure sama da 100 suka halaka a Pategi ta jahar Kwara, cikin dare. Dalilan kusan kullum ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon katako, babu rigar ceto.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka dubi gefen jirgin bayan kowa ya zauna: idan tsakanin ruwa da bakinsa bai kai kamu ɗaya ba, ya yi nauyi. Idan an ɗora babura da buhuna a kan mutane, ko yaro yana ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ka jira na gaba. Kada ka shiga bayan magariba, kada ka shiga hadari yana haɗuwa a gabas. Babbar riga da rawani ado ne a tudu, a cikin ruwa kuwa nauyi ne, a naɗe su a jaka.

Wasu za su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa barin shagonsa a buɗe ya tafi barci ba. Ɗan kasuwar da ke kwance buhun albasa ya duba na ƙasa kafin ya biya, da ma'aikacin da ba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, sun riga sun mallaki duk ilimin da ake buƙata a bakin ruwa. Abin da ya rage shi ne kada kunyar baƙunta ta hana su tambaya. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi cikin iyalinsa lafiya.